Babi na Shida: Jaka Daga Ragowar Atamfa

Turmin atamfa yadi shida ne. Idan aka kai wa tela zai fitar da riga da zani da ɗankwali, kuma kome gwanintarsa wajen yanka sai an sami ragowa: abin da aka ƙwaƙule a wuya, abin da ya faɗo daga hammata, da wani dogon ziri da ya saura a gefe. A makon da sallah ke ƙaratowa, irin waɗannan ƙyallaye kan taru a ƙarƙashin teburin yanka har su rufe ƙafa. Wasu a cusa su a matashin kai, wasu su zama tsumman goge keke, yara mata su tsinci masu kyau su yi wa 'yar tsana kaya. Sauran kuwa sai bola.

Ba kowace mace ce ke yarda a zubar mata da nata ba. "Malam, don Allah a haɗo mini da ƙyallena," in ji ta ranar karɓar ɗinki. Tela ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai abin da ya rage bai taka kara ya karya ba." Ita dai ta san inda za ta kai shi. A ɗakinta akwai keken ɗinki da ta gada wajen mahaifiyarta, ko wanda ta saya bayan ta yi 'yan watanni a cibiyar koyar da mata sana'a. Ba tela ba ce, ba ta karɓar ɗinkin kowa, kuma keken kan yi wata guda a lulluɓe ba a taɓa shi ba. Sha'awa ce kawai ke zaunar da ita a kansa in aiki ya lafa.

A ƙasar Hausa an saba ɗaukar ɗinki a matsayin sana'a, har ya zama duk wanda aka gani a kan keke ana zaton kuɗi yake nema. Amma akwai masu ɗinki da yawa, mata da maza, waɗanda ba ruwansu da kasuwa. Abin da mafi yawansu suka fara kammalawa da hannunsu, wanda aka fita da shi bainar jama'a ba tare da jin kunya ba, 'yar ƙaramar jaka ce.

Abin da riga ke nema, da abin da jaka ke nema

Riga tana da mai ita. Akwai kafaɗa, akwai ƙirji, akwai ƙugu, kuma babu biyu daga cikinsu da suke miƙe. Kuskuren rabin inci a hammata ya isa ya hana mutum ɗaga hannu. Shi ya sa mai koyo kan daɗe a gaban maigidansa yana guga da sa maɓalli kafin a miƙa masa almakashi ya taɓa yadin mutane. Jaka ba ta da wannan fitina. Kusan duk sassanta masu kusurwa huɗu ne, ɗinkinta miƙaƙƙe ne, kuma in ta fito da ƙarin inci ɗaya a faɗi babu wanda zai sani, sai ma a ce ta fi cin kaya.

Inda jaka ba ta yafiya shi ne nauyi. Riga nauyin kanta kawai take ɗauka. Jaka kuwa za a zuba mata waya da makullai da kwalbar turare da canji, a rataya ta, a fisge ta daga hannun yaro, a ajiye ta a ƙasan adaidaita sahu. Ranar da aka gama ta kowace jaka kyakkyawa ce; ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Bayan wata biyu ne ake gane wadda aka ƙulle bakin ɗinkinta da wadda aka bari sake, wadda aka yanke hannunta bisa tsawon yadi da wadda aka yanke shi yadda ƙyallen ya ba da dama.

Tsohuwar buƙata

A shekarar 1991 wasu masu hawan dutse suka ci karo da gawar wani mutum a cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps, kan iyakar Italiya da Ostiriya. Bincike ya nuna ya mutu kimanin shekara 5,300 da suka wuce. A ɗamarar fatar da ke ƙugunsa akwai wata 'yar jaka da aka ɗinka, a ciki da ƙananan kayan aiki na ƙanƙarar dutse, da tsinken ƙashi na huda fata, da busasshen abin da yake kama wuta da shi. Abubuwan da ba ya so su ɓata su ne ya ajiye a nan, kusa da hannunsa.

Hausawa ma sun daɗe da ware wa kowane kaya jakarsa. Malami da almajiri suna da gafaka ta Alƙur'ani da littattafai. Wanzami yana da zabira mai aljihuna, inda aska da ƙaho kowanne ke da mazauninsa. Ɗan kasuwa yana da alabe na kuɗi, matafiyi yana da burgami, fatake suna da taiki, jaki kuma yana da mangala. Masu kyan cikinsu aikin dukawa ne, da fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi wadda majema ke jemewa da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Wannan fata ce ayari ke ƙetare Sahara da ita zuwa Afirka ta Arewa, daga can ta shiga Turai ana ce mata fatar Maroko. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammun fatu cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa.

Jakar yadi da ake ɗinkawa a gida tana da nata tarihin. Matan Turai na ƙarni na 18 ba su da aljihu a jikin riga. Aljihu daban suke ɗinkawa, su ɗaura shi a ƙugu ƙarƙashin manyan rigunansu. Da yayi ya sauya wajen shekarun 1790 aka koma riguna marasa faɗi, aljihun ya rasa maɓoya, sai ya fito fili ya zama 'yar jaka mai zariya a baki da ake riƙewa a hannu. Da yawa daga cikin waɗanda ke ajiye yau a gidajen tarihi matan ne da kansu suka ɗinka, suka yi musu ado da zare. A Japan kuwa mutanen karkara sun saba harhaɗa ragowar ƙyallaye su ɗinka jakar da suke kai shinkafa wurin ibada, kowane gefe da irin launinsa.

Zare biyu da ƙulli ɗaya

Wanda ke ɗinki jefi-jefi yakan fi yin faɗa da keke fiye da yadi, kuma rabin faɗan yana ƙarewa ranar da ya fahimci abin da ke gudana ƙarƙashin allura.

Keken farko da ya yi aiki sosai na wani tela ne Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, wanda ya yi masa rajista a 1830. Zare ɗaya yake amfani da shi, yana sarƙa shi da kansa, irin ɗinkin da ake gani yau a bakin buhun shinkafa, wanda in aka kamo bakin zaren daidai sai ya zare gaba ɗaya. An kafa kimanin tamanin daga cikin kekunan a Paris ana ɗinka kakin soja, amma a 1831 telolin birnin da ke tsoron rasa abincinsu suka afka wa wurin suka farfasa su.

A Amurka ne aka sami ɗinkin da ake amfani da shi har yau. A 1846 Elias Howe ya yi rajistar keke mai allurar da kafarta ke a tsini, ba a gindi ba kamar ta hannu, tare da ƙoshiya mai ɗauke da zare na biyu a ƙasa. Isaac Singer ya fito da nasa a 1851, Howe ya kai shi kotu kan satar fasaha, ya kuma yi nasara a 1854. Allen Wilson ne ya ƙirƙiro haƙoran nan da ke tasowa su ja yadi gaba su koma ƙasa. Abokin kasuwancin Singer, Edward Clark, shi ya kawo dabarar da ta shigar da keke cikin gidaje: a 1856, lokacin da kuɗin keke ya haura dala 100, ya fara sayar da shi bisa biya kaɗan-kaɗan. Baƙin keken Butterfly da ya cika ɗakunan mata daga Kano zuwa Damagaram a Shanghai ta ƙasar Sin aka fara ƙera shi, kuma tsarinsa na wani samfurin Singer ne da ya fito tun ƙarshen ƙarni na 19. Ba ya neman wutar lantarki, kayan gyaransa kuma suna ko'ina.

Ga yadda ƙullin ke ƙulluwa. Allura ta huda yadi ta sauka da zaren sama. Da ta fara komawa, zaren ya ɗan yi lanƙwasa a bayanta. Tsinin ƙoshiya ya cafke wannan lanƙwasa ya zagaya da ita bayan kwarkwaro, ta rungumo zaren ƙasa. Sai ƙarfen da ke hawa da sauka a goshin keken ya ja zaren sama ya tsuke. In komai ya daidaita, ƙullin yana ɓoye a tsakiyar yadin, sama da ƙasa duk ɗinki ɗaya ake gani.

Daga nan ake gane wani abu da ke rikita masu koyo. Idan aka ɗaga yadi aka ga zare ya cukurkuɗe a ƙasa, hankali kan tafi ga kwarkwaro, a yi ta kwance shi ana mayarwa. Galibi laifin na zaren sama ne: bai shiga tsakanin 'yan faya-fayan da ke matse shi ba, don haka babu abin da zai ja lanƙwasar ta koma. Faya-fayan nan suna buɗewa ne kawai in an ɗaga ƙafar da ke danne yadi. Wanda ya sa zare alhali ƙafar tana ƙasa, zaren a kan faya-fayan zai kwanta, ba a cikinsu ba.

Allura ma tana da magana. Lambobi biyun da ke jikin fakitinta, kamar 90/14, na farkon kaurinta ne: 90 na nufin milimita 0.9. Lamba 14 ta ishi atamfa biyu ko uku a haɗe. Jaka kuwa tana da wuraren da yadi ke hawa kan yadi har takwas ko fiye, a nan sai 100/16. Allurar da ta dakushe tana da alamunta: ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, da tsallaken ɗinki.

Lissafin da ake yi kafin a ɗauki almakashi

Kowane saƙaƙƙen yadi zare biyu ne, na tsaye da na kwance. Na tsaye, wanda ke bin tsawon turmi daura da bakin yadi, shi aka ɗaure tamau a kan masaƙa, don haka ya fi ƙarfi, ya fi ƙin miƙewa. Na kwance yana ɗan bayarwa. In kuwa aka ja yadi a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ya miƙe sosai. Hannun jaka dole ya bi tsawon yadi. Wanda aka yanka a karkace, don a nan ne ƙyallen ya fi tsawo, zai yi ta ƙaruwa yana sirancewa har jakar da aka yi don hammata ta sauko ƙugu.

Atamfa tana da wata yaudara. Sabuwa tana da ƙarfi a hannu saboda abin da aka shafa mata a masana'anta, musamman mai araha. Wanki ɗaya ya isa ya tafi da shi, audugar kuma ta ɗan shige. Saboda haka masu lura kan wanke ƙyallen su goge shi kafin yanka, sannan su ba shi ƙarfi daga ciki da farin yadin nan mai gam a baya, wanda teloli ke sawa a wuyan riga. Ana aza gefen mai gam a bayan atamfa, a shimfiɗa ɗanyen ƙyalle a kai, a danna dutsen guga na 'yan daƙiƙu a ɗaga, a matsa gaba a sake dannawa. Ba a jan dutsen kamar ana gugar riga, don yadin zai gurɗe. Wanda bai da wannan yakan nemi ƙafar tsohon wandon jins na gwanjo ya yi gindin jakar da ita, ko ya shimfiɗa ta tsakanin atamfa da shafi.

Sai zanen da ke jikin yadin. Atamfar da ke da tsuntsaye ko furanni masu kallon gefe guda ba a yanka ta dogon falle ɗaya a ninke a gindi, in ba haka ba tsuntsayen gaba za su tashi sama, na baya su tsaya da ka. Falle biyu ake yankawa, kowanne kansa a sama.

Abin da ya fi ba masu koyo mamaki shi ne yadda jaka ke cin yadinta. A ɗauki falle biyu, kowanne inci 10 a faɗi, 8 a tsayi. Ɗinki zai ci rabin inci a kowane gefe, ya rage 9 da 7. Wannan jaka shafaffa ce, ba za ta zauna da kanta ba. Don a yi mata gindi sai a yanke ɗan murabba'i a kowace kusurwa ta ƙasa, a buɗe wurin, a haɗa ɗinkin gefe da na gindi baki da baki, a ɗinke. Ƙa'idar ba ta sauyawa: faɗin gindin ninki biyu ne na murabba'in da aka yanke. In an cire inci ɗaya da rabi, gindi zai zama inci 3. Amma waɗannan inci 3 daga jikin jakar suka fito. Bakinta yana nan a 9, ƙasanta ya koma 6, tsayinta kuma ya sauka zuwa 5 da rabi. Mai son jakar da littafi zai shige dole ta fara daga girman littafin ta yi lissafin da baya, ta ƙara gindi, ta ƙara abin da ɗinki zai ci, sannan ta ja alli.

Zif da juyi

Zif yana ba masu koyo tsoro fiye da kima, alhali a 'yar jaka ya fara samun gurbi. Ba'amurke Whitcomb Judson ya yi rajistar wani maɗauri mai ja a 1893, amma ya riƙa buɗewa da kansa, bai karɓu ba. Gideon Sundback, injiniya ɗan asalin Suwidin, shi ya gyara shi a 1913 ya mai da shi mai ƙananan haƙora masu shiga juna, aka ba shi rajista a 1917. Masu ɗinka tufafi ba su yi saurin yarda da shi ba. Shekarunsa na farko a ɗamarar ajiye kuɗi ya yi su, da jakar taba, da takalman roba na kamfanin B.F. Goodrich daga 1923, kafin ya hau wando da riga. Haruffa ukun nan, YKK, da ake gani a kan zif da yawa, na wani kamfanin Japan ne da Tadao Yoshida ya kafa a 1934. Lambar da ke bayan kan zif, 3 ko 5, faɗin haƙoransa ne a rufe da milimita. 3 ta ishi jakar kwalliya, 5 ta jakar da za ta sha wahala ce.

Sa shi ba wuya in an bi tsari. A shimfiɗa atamfa fuskarta sama, a kifa zif a bakinta, a kifa shafi a kansu, ya zama zif yana tsakiya, a ɗinke su uku tare. A buɗe, a goge, a bi gefen da wani ɗinkin daga waje don kada shafi ya riƙa shiga haƙora. A maimaita a ɗaya gefen. Zif mai haƙoran roba ya fi sauƙi ga mai koyo domin allura na iya ratsa shi in an bi a hankali, ana kuma iya rage tsawonsa da almakashi. Na ƙarfe karya allura yake yi.

Daga nan sai aikin ya ɗauki wata siffa da ba ta yi kama da jaka ba sam. Atamfa ta haɗu da atamfa fuska da fuska a gefe ɗaya, shafi da shafi a ɗaya gefen, a zagaye su da ɗinki, a bar ƙofa kamar inci uku ko huɗu a gindin shafin. Ta wannan ƙofa za a zaro jakar duka, a juya ta. Akwai abu ɗaya da ake yi kafin a fara zagayen: a zuge zif ɗin zuwa rabi. Wadda ta manta za ta sa hannu ta ƙofar ta tarar da shi a rufe, kansa yana can gefen da yatsa ba ya kaiwa, sai dai a koma ga reza. Kafin juyi kuma ana datse tsinin kusurwoyi kusa da ɗinki, don kada yadi ya dunƙule a ciki. In an juya, a tura kusurwoyin da gindin fensir, a ɗinke ƙofar, a cusa shafi ciki, a yi guga. Gugar nan ce ke raba jakar da ake tambayar inda aka sayo ta da wadda kowa ya gani ya san a gida aka yi.

Hannu shi ne ma'aunin aikin duka. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a yanko ziri mai faɗin ninki huɗu na abin da ake so, wato inci 4 don hannu mai inci 1. A ninka shi biyu a goge, a buɗe, a kawo gefunan biyu tsakiya, a sake ninkewa, a bi kowane gefe da ɗinki. Ba juyi, ba bakin yadi a waje. Wurin liƙa shi a jikin jaka layi ɗaya bai isa ba, domin duk nauyin zai taru a kan 'yan ramukan allura da ke jere, yadin ya yage a nan. Ana ɗinka murabba'i ne, a ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, nauyin ya rarrabu. A irin wannan wuri mai kauri ba a taka keke da ƙafa. Da hannu ake juya tayarsa ta gefe, ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Wasu kan fara bubbuga wurin da guduma ya kwanta. In keken ba shi da abin komawa baya, sai a bar allura cikin yadi, a ɗaga ƙafa, a juya aikin, a bi ta kan ɗinkin don a ƙulle shi.

Jakar yadi da baƙar leda

Ledar zuba kaya da aka sani yau wani injiniyan Suwidin ne, Sten Gustaf Thulin, ya tsara ta, kamfanin Celloplast ya yi mata rajista a 1965. Ba a daɗe ba ta mamaye kasuwannin duniya. Illarta ba ɓoyayya ba ce a garuruwanmu: ita ke toshe magudanan ruwa da damina, ita ke maƙale a ƙaya a bakin gari, kuma mahauta sun saba cin karo da ita a tumbin shanu da awaki. Bangaladash ta hana sirarar leda a 2002, Ruwanda a 2008, Kenya a 2017.

Sai dai sabuwar jakar auduga ba tsarkakakkiya ba ce. Noman auduga da kaɗi da saƙa da rini suna cin ruwa da makamashi mai yawa. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar a 2011 ya ƙiyasta cewa sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta biya bashin hayaƙin da aka fitar wajen yin ta, in aka gwada ta da ledar da aka yi amfani da ita sau ɗaya aka yar. Jakar da aka ɗinka da ragowar yadi ba ta shiga wannan lissafi yadda sabuwa ke shiga, domin audugarta an riga an noma ta, an saƙa, an rina don wata buƙatar. A kan wannan tunani ne wata 'yar Ingila, Claire Morsman, ta kafa Morsbags a 2007, inda masu sha'awar ɗinki ke taruwa su mai da tsofaffin labule da zannuwan gado jakunkuna, su raba wa mutane kyauta. A Ostireliya ma an fara irinsa a 2013 da sunan Boomerang Bags.

"Nawa za ki yi mini irinta?"

Wannan tambaya tana zuwa da wuri. A gidan biki wata za ta ɗaga jakar ta juya ta ce, "Yaya, ke kika yi wannan? Don Allah nawa za ki yi mini irinta?" Wasu daga nan suka shiga kasuwa, suna tallata jaka da takalmi na atamfa a WhatsApp da Instagram, musamman lokacin anko, da kowace ƙawar amarya ke son jakarta ta dace da ɗinkinta. Wannan kasuwa ce ta gaske domin abin da take sayarwa babu shi a kanti: jaka daga ainihin yadin da ke jikin mai ita.

Wajen wannan kuwa lissafin ba ya yi wa mai ɗinkin gida daɗi. In ta haɗa kuɗin zif da shafi da yadin gam da zare, ta ɗora yinin da ta ɓata, sai ta ga jakar ta fi wadda aka shigo da ita daga Sin tsada, ita kuwa waccan tana rataye a Kantin Kwari da ƙarafunanta masu walƙiya. Masana'anta tana yanka falle masu yawa a sara ɗaya, kowane ma'aikaci kuma ɗinki guda yake maimaitawa daga safe zuwa yamma. Shi ya sa da yawa kan amsa da "Bari in na samu lokaci," su ci gaba da yin abinsu don kyauta: jakar izu ga yaro mai zuwa Islamiyya, jakar kayan jariri ga mai jego, 'yar ta kwalli da turare ga amarya.

Inda jakar gida ta yi wa ta kanti fintinkau shi ne gyara. Ta kanti galibi robar da aka yi wa kamannin fata ce, in ta fara saɓulewa ba ta da magani. Ta yadi kuwa an san wuraren da take fara gajiya. Kan zif yakan saki har haƙora su riƙa buɗewa a bayansa. Matsa shi kaɗan da filaya yakan mayar da shi, in kuma tauri ya yi sai a goga masa kyandir. Kusurwoyin gindi suna gogewa da ƙasa, a yi musu faci da fata ko jins. Shafi yakan huje inda makulli ke sukarsa. Gindin hannu yakan fara sakin zare. Duk waɗannan ta hanya ɗaya ake kai musu: a farke 'yar ƙofar nan ta gindin shafi, a juya jakar ta koma yadda take ranar ɗinki, kowane haɗi ya fito fili, a gyara abin da ya lalace, a sake juyawa a rufe. Wadda ta san za ta dawo wurin takan rufe ƙofar da allurar hannu tun farko, da zare mai launi dabam kaɗan, don ta gane shi ranar da za ta farke.